Ta Ina Ake Kama Kwatancin Ruwan Bagaja da Shaihu Umar?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Funtuwa. Muna da 'yar ƙungiyar karatu ta mata, mu takwas, duk wata mukan zaɓi littafi mu karanta sannan mu haɗu mu tattauna. A wannan karon an ɗora mini in rubuta sharhin da zai kwatanta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Na cika shafi huɗu, amma da na sake dubawa sai na ga labaran kawai na maimaita, na rufe da darussa: wancan yana koyar da naci, wannan yana koyar da haƙuri. Wata daga cikinmu kuma ta ce ba sai an wahala ba, Shaihu Umar ya fi, tunda Ruwan Bagaja ban dariya ne kawai. Don Allah ta ina ake kama kwatanci? Sannan wata mai zuwa waƙa za mu taɓa, shin hanyar ɗaya ce?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara muku haɗin kai, ya sa wannan zama ya ɗore.

Kada ki yaga shafukan nan huɗu. Sun nuna kin karanta littattafan har kin riƙe zarensu, wanda kuwa bai riƙe zaren labari ba ba shi da bakin magana a kansa. Sai dai sharar fage ce, ginin yana gaba. Na daɗe ina duba takardun ɗalibai, kuma inda kika tsaya nan mafi yawansu suke tsayawa: a ba da labari, a ɗora darasi a kai, a ajiye alƙalami. Abin da yake damuna da wannan darasi shi ne yadda yake shiga kowane littafi kamar hular aro. Ki ɗauki jimlar nan taki ta haƙuri, ki cire sunan Shaihu Umar ki sa sunan kowane littafin da ke kan tebur a kasuwar Sabon Gari, za ki ga ta zauna daram. Jimlar da ta dace da littafi ɗari ba ta gaya mana komai game da wanda ke hannunki ba.

Kun yi dacen zaɓe, ko da gangan ko da katari. Littattafan nan biyu 'yan ciki ɗaya ne. A 1933 Rupert East, wanda ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka fitar da littattafai biyar daga cikinta: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Imam, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. An haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912, dukansu sun yi Kwalejin Katsina, dukansu malaman makaranta ne da ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Kamar a ba mata biyu cefane iri ɗaya ne, a murhu iri ɗaya. Duk bambancin da aka ji a miyar, daga hannu yake.

Kamannin bai tsaya nan ba. A littattafan biyu tauraron ne da kansa yake zaune yana ba masu sauraro labarin rayuwarsa. Dukansu marayu ne da suka tashi a hannun mijin uwa. Dukansu kuma abin da ya tayar da ƙurar wulaƙanci ne da aka yi wa wannan mijin uwar a fada: a Ruwan Bagaja an muzanta Liman don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, a Shaihu Umar an yi wa Makau ƙulli na hassada har aka kore shi daga gari. Daga nan sai tafiya mai nisa, sai komowa.

To a nan ake kama kwatanci. Ba a ɗaukar littafi biyu gaba ɗaya a ɗora a sikeli. Tambaya ɗaya ake zaɓa, ƙarama, a yi wa kowannensu ita, a saurari amsar da zai bayar. Da ni ne ke, tambayar da zan yi ita ce: wa ya sa matafiyin nan a hanya?

Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja, da ƙafarsa ya fita. Shi ya ga dama, don ya wanke Liman daga kunya. Umar kuwa bai taɓa zaɓar hanya ba sai can da ya girma. Yana yaro aka sace shi, aka tsince shi, hari ya sake kwashe shi, ya faɗa hannun Gumuzu a Kano, daga nan Balarabe Abdulkarim ya ƙetara Sahara da shi zuwa Ber Kufa. Ki samu fensir ki bi shafi uku daga kowane littafi, ki ja layi a ƙarƙashin aikatau, ki duba wa yake aikatawa, wa ake aikata wa. A bakin Alhaji Imam za ki yi ta cin karo da mutumin da ke shiga gari, ya ƙulla dabara, ya yi ƙarya, ya tsere. A ƙuruciyar Umar kalmar da za ta yi ta dawo miki ita ce aka: aka ɗauke, aka kai, aka bayar. Wannan 'yar kalma ta fi shafi guda na bayani a kan bauta, domin bawa shi ne mutumin da rayuwarsa ke gudana da aka. Idan kika nuna wa 'yan'uwanki wannan a kan takarda, da lambar shafi, kin fara sharhi ke nan.

Ki ci gaba da bin tambayar, za ta kai ki wani wuri da ba ki zata ba. A cikin Shaihu Umar akwai wadda ta fita da ƙafarta, ba wanda ya tilasta ta: mahaifiyarsa. Ita ce ta bar mijinta da kwanciyar hankalinta ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka bautar da ita, aka yi ta gaba da ita har Tarabulus. A ganina ita ce takwarar Alhaji Imam ta gaskiya, ba Umar ba. Shi ya fita neman ruwa, ita ta fita neman ɗa. Shi ya samu abin da ya fita nema, ya komo gida aka warke, aka ɗaukaka shi. Ita ma ta samu, amma bayan wahala ta cinye ta, ba ta jima da ganin ɗan ba rai ya yi halinsa. Duniyar da Imam ya gina tana saka wa mai wayo da ƙarfin hali. Duniyar da Tafawa Ɓalewa ya gina, mace ce ita kaɗai a hanyar fatake, ƙarfin halinta bai hana a sa mata kuɗi ba. Na taɓa karanta wa wani aji wurin haɗuwarsu da ƙarfi, wata ɗaliba a layin baya ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ɗago ba har aka tashi. Ban taɓa ganin an yi haka a kan Ruwan Bagaja ba, kamar yadda ban taɓa jin aji ya tuntsire da dariya a kan Shaihu Umar ba.

Zubin ma ya bi wannan bambanci. Ruwan Bagaja kamar tsakiya yake a zare: gari bayan gari, a kowanne Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman su haɗu, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama. Kina iya zare gari ɗaya, abin wuyan bai tsinke ba. Shaihu Umar sarƙa ce. Ki cire ƙullin da aka yi wa Makau, ba za a bar Umar a hannun wasu ba, ba za a sace shi ba, littafin ya rushe.

Mai sharhi ba maroƙi ba ne, don haka ki faɗi inda kowanne ya yi rauni. A Ruwan Bagaja akan yi tafiya mai tsawo an manta da maras lafiyar da aka baro a gida, neman ruwan ya koma hujjar yawo kawai. Kuma mutanen da ake damfara a hanya ba a tsayawa a dube su, da zarar an yi dariya an wuce. A Shaihu Umar, Umar yana ba da labarin wahalar mahaifiyarsa dalla-dalla alhali ba ya wurin, mai karatu na da damar tambaya daga ina ya samo duk wannan. Sannan ga abin da ya fi ɗaure kai: Abdulkarim da ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi a karatu wurin Shaihu Mas'ud, shi ɗin dai mai fataucin bayi ne, kuma Umar ba ya ɗaga murya a kan hakan. Wasu na ganin wannan sanyin murya gazawa ce. Ni ina ganin ƙarfin littafin ke nan, domin ya bar mai karatu ya ɗauki nauyin fushin da kansa. Kina iya saɓa mini, in dai kin kawo shafin da kika dogara da shi.

Za ki kuma ji ana cewa Imam ya yi aro, musamman daga Maƙamatul Hariri, inda mutum biyu ke ta haɗuwa a garuruwa daban-daban, ɗayansu gwanin dabara. Gaskiya ne akwai wannan tasiri. Amma gano tushen aro rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a duba abin da ya yi da shi, yadda ya sa wa baƙon abu riga da hula har Bahaushe ya karanta ya ji kamar a zauren unguwarsu aka yi.

Game da 'yar'uwarku da ta ce ban dariya ne kawai, ki gaya mata cikin ladabi cewa ba ƙaramin aiki ba ne a sa mutum dariya da tawada a kan takarda, babu murya babu motsin fuska, kuma dariyar ta yi shekara casa'in ba ta salance ba. Ta gwada rubuta shafi ɗaya irinsa ta gani. Ba kuwa zan ɓoye miki ra'ayina ba. Wajen sarrafa Hausa, da zance mai gudu kamar ruwa, da sanin inda ake sakin magana, Imam yana gaba. Wajen labarin da ke bin mutum har makwanci, Tafawa Ɓalewa yana gaba. Kowanne a auna shi da abin da ya ɗauri aniyar yi.

Batun waƙa kuwa, dabarar tambaya ɗaya tana nan, amma ƙofar shiga daban ce. Rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa aka yi ta. Imfiraji ta Aliyu Namangi ta shiga gidaje ta bakin masu rera ta, mutane da yawa sun haddace baitocinta ba su taɓa ganin littafin ba. Saboda haka kada ku fara da neman jigo. Ku sa mai murya a cikinku ta rera, sau biyu ko uku, ku ji kari, ku ji inda amsa-amo ke faɗowa, ku lura ko ƙwar biyu ce ko ƙwar biyar, wato ko layi biyu ne a kowane baiti ko layi biyar. A waƙar Sa'adu Zungur ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, alal misali, kowane baiti yana sauka a kan ya, kuma wannan saukar da ke ta dawowa ita ke sa gargaɗin ya zauna a kunne. Bayan kunne ya ƙoshi sai a zo kan jigo da warwararsa da salo, irin matakan da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa masu nazarin waƙa.

In kuna neman waƙoƙi biyu da za su yi muku irin abin da littattafan nan suka yi, ku ɗauki waƙar Karuwa ta Mu'azu Haɗeja da 'Yar Gagara ta Aƙilu Aliyu, wadda ke cikin Fasaha Aƙiliya. Jigonsu ɗaya, don haka darasi ba zai raba muku su ba, dole ku saurari yadda kowa ya faɗa. Mu'azu malami ne a gaban aji, kai tsaye yake magana, yana tsawatarwa. Aƙilu jibga sunaye da siffofi yake yi, kalma kan kalma, har mai sauraro ya shagala da daɗin harshen. Ku tambayi kanku a wace waƙa matar take fitowa a matsayin mutum, a wace take zama abin jifa kawai, ko kuwa duka biyun ba su ba ta baki ba. Ku mata takwas ne, ina jin za ku ga abin da masu nazari maza da yawa suka tsallake.

A zamanku mai zuwa, ki taƙaita labaran biyu a sakin layi ɗaya tak, tunda kowa ta karanta. Ki zo da wuri biyu da kika yi wa alama, ɗaya inda Alhaji Imam da Zurƙe suka yi arangama, ɗaya inda uwar Umar ta ga ɗanta. Ki karanta su da ƙarfi a jere, sannan ki buɗe takardarki.