An Kira Ni Intabiyu a Kamfanin Wuta: Me Zan Karanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na karanta kimiyyar kwamfuta, na gama bautar ƙasa, kuma shekara biyu ke nan ina rubuta manhaja da Python a wani ƙaramin kamfani a Kano. Wani kamfanin rarraba wutar lantarki ya kira ni intabiyu nan da sati biyu, gurbin injiniyar manhaja. Ni kuwa in ban da sayen katin mita ban san komai a harkar wuta ba. In ci gaba da warware lissafe-lissafen gwaji ne, ko in koma karatun lantarki? Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, ina taya ki murna. Kwantar da hankalinki, ba wanda zai ce ki zana taransfoma. Masu wannan aikin suna da su. Abin da za su laluba a wurinki shi ne ko kin san ta ina kuɗin kamfanin ke shigowa, ta ina yake zurarewa, da kuma abin da manhajarki za ta yi ranar da abubuwa suka cakuɗe. Saboda haka ki raba kwanakinki: kaɗan ga gwajin rubuta manhaja, mafi yawa ga sanin gidan da za ki shiga.

Tun da aka wargaza PHCN, tsohon kamfanin wuta na gwamnati, aka miƙa ta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013, harkar ta kasu uku: masu samar da wuta kamar tashoshin Kainji, Jebba da Shiroro, TCN mai dakonta a manyan layuka, wanda ya ci gaba da zama a hannun gwamnati, sai kamfanonin rarrabawa 11, irin su KEDCO mai Kano, Katsina da Jigawa. Hukumar NERC ce ke kafa musu dokoki. Kamfanin rarrabawa sayen wuta yake yi ya sayar, kuma ciwon kansa a ko da yaushe shi ne giɓin da ke tsakanin abin da ya saya da abin da ya karɓa a aljihu. A ofis za ki ji ana kiran giɓin ATC&C: wutar da ta ɓace a waya da taransfoma, wadda aka sata ko ba a yi mata lissafi ba, da wadda aka kai bil amma ba a biya ba. Kusan duk manhajar da za a ba ki ki rubuta, don rage wannan giɓin ce. Idan aka ce me ya sa kike son aiki da mu, daga nan za ki ɗauko amsa.

Ki kuma bambance kilowat da yunit, don a nan ake gane baƙo. Dutsen guga mai wat 1,000, wato kilowat ɗaya, idan ya yi awa ɗaya yana aiki, ya sha yunit ɗaya. Kilowat ƙarfin ja ne, yunit kuwa abin da aka sha. Haka nan ki san rukunan masu amfani da wuta, daga Band A da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana har zuwa Band E mai awa 4. Wani ne ke rubuta manhajar da ke ƙirga awannin kowane layi, kuma ta yiwu ke ce za ki gaje shi.

Katin mitar da kika ce shi kaɗai kika sani, shi nake so ki fi zama a kansa. Lambobi 20 ɗin nan suna bin wani tsari da ake kira STS, kuma kowane kati na mita ɗaya ne, ba ya shiga sau biyu. Ga tambayar da zan yi miki da ni ne a teburin: mutum ya je wurin mai POS ya sayi wutar naira dubu biyar, banki ya cire kuɗi, netwok ya yanke kafin lambobi su fito. Mai POS ya sake dannawa. Me zai faru? Idan tsarinki ya fitar da kati biyu, kamfani ya yi asara. Idan ya cire kuɗi sau biyu ya ba da kati ɗaya, an cuci bawan Allah, kuma gobe da sassafe yana bakin ofis. Amsar da ake so ita ce kowane ciniki ya zo da lambarsa ta daban tun daga farko, a adana ta a rumbun bayanai kafin a yi komai, duk sanda aka sake turo wannan lambar sai a maido da katin farko, ba a ƙirƙiri sabo ba. Sannan da dare a daidaita littafin banki da na kamfani a zaƙulo waɗanda suka maƙale. Ki iya zana wannan a allo ba tare da inda-inda ba.

Akwai labarin da zai nuna kin yi bincike. A cikin kowane kati akwai lamba mai ƙirga mintoci tun daga 1 ga Janairun 1993, kuma wurin ajiyarta bit 24 ne kacal, wato gurbi 24 na sifili ko ɗaya. Ki yi lissafin da kanki, mintocin sun ƙare ne a ranar 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa aka yi ta rabon lambobin sabunta mita a lokacin. Shawarar da wani mai tsara manhaja ya yanke shekara talatin baya ita ta tayar da miliyoyin gidaje tsaye.

A gwajin aiki kuwa, ki ba SQL, yaren zaƙulo bayanai daga rumbun bayanai, muhimmanci fiye da yadda kike zato. Za a iya ba ki jadawalin karatun mita a ce ki fitar da abin da kowane gida ya sha a wata. Kafin ki taɓa madannai ki tambaya: idan karatun wata rana bai zo ba fa? Idan ya zo sau biyu? Idan an canza mita ta faro daga sifili? Masu intabiyu sun fi sauraron waɗannan tambayoyin a kan saurin yatsunki. Ki riƙa faɗin abin da kike tunani a fili, kada ki yi shiru ki bar su suna kallon ƙeyarki.

Idan gurbin ya shafi ɗakin sa ido kan layuka, sai ki karanta abin da SCADA, tsarin sa ido da sarrafa na'urori daga nesa, ke yi, ki san Modbus da DNP3 yarukan da na'urori ke magana da su ne. Ki riƙe abin da ya faru ranar 14 ga Agustan 2003, lokacin da wuta ta ɗauke wa kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada. Cikin musabbaban har da wani kuskure a manhajar ƙararrawa ta wani kamfani a jihar Ohayo: ta daskare ba tare da ta sanar ba, ma'aikata na zaune suna zaton lafiya lau alhali layuka na faɗuwa. Don haka idan aka tambaye ki yadda kike gwada aikinki, ki faɗi har yadda za ki gane cewa manhajar sa idon ma ta mutu. A wurina wannan ne ya raba aikin wuta da sauran ayyukan manhaja.

Ki tanadi labarin wata matsala ta gaske da kika warware a inda kike yanzu, daga yadda kika gano ta har abin da kika canza don kada ta dawo. Abin da ba ki taɓa yi ba, ki ce ba ki taɓa ba, sannan ki faɗi ta inda za ki fara. In an ba ki damar tambaya, ki tambayi wa ake tasa idan sayar da kati ya tsaya da tsakar dare, da kuma ko suna da wurin gwaji daban da tsarin da jama'a ke amfani da shi. Ki tafi da takardunki na asali da kwafinsu, har da ta bautar ƙasa. Allah ya ba da sa'a.