Me ya sa kujerar roba take iri ɗaya ko'ina?

Malam, ka ce ka ga farar kujerar roba a walima a Shari'a Mansur da ke Makka, irin ta gida sak, kana tambayar dalilin arharta. Sirrin yana wajen tsara ta.

Tun 1859 wani kafinta Bajamushe, Michael Thonet, ya fitar da kujera mai lamba 14 a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya. Da tururi ake lanƙwasa itacenta, guntu shida kacal da 'yan kusoshi. Ana zuba 36 a kwance cikin akwati ɗaya, sai an kai a haɗa. Mai ƙaramin ƙarfi ya samu abin da a da sai masu hali.

Ta roba ta zarce haka. A 1972 Bafaranshe Henry Massonnet ya fito da tasa, wadda inji ke zubawa gaba ɗaya. Ana narka ƙwayoyin roba, a tura su cikin mazubin ƙarfe, kafin minti biyu kujera ta fito, ba ƙusa, ba walda. Mazubin ne mai tsada, amma in ya zuba dubbai, kuɗin kowace ya zama kaɗan. Ɗanyen kayan ma daga man fetur yake, kuma kamfanin SABIC na Saudiyya na sarrafa shi a garuruwan Jubail da Yanbu.

In ka sake zuwa walima, ka juya ɗaya. Za ka ga ƙafafunta kwarmi ne, shi ya sa yaro ɗaya ke jera goma a kan juna ya ja su. Rana ce babbar maƙiyiyarta. In ta daɗe a tsakar gida sai ta bushe ta tsage.