Rufe Takardun Sirri a Ƙarar Haɗin Gwiwa

Malam, ka tambaya ko kamfani na iya sa kotu ta rufe takardunsa a ƙarar da mutum ƙalilan suka shigar a madadin dubban jama'a. A Amurka, alƙali yakan ba da umarnin kare sirrin kasuwanci ko bayanan lafiyar mutane yayin da lauyoyi ke musayar takardu, amma da zarar takarda ta shiga kundin kotu, asalinta a buɗe take, kuma sai mai neman rufewa ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili a kan kowace takarda.

A shekarar 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai zama a Cincinnati ta soke sulhun kusan dala miliyan 30 a irin wannan ƙara da aka shigar a kan kamfanin inshorar lafiya na Blue Cross Blue Shield na jihar Michigan, domin an rufe takardu masu yawa, har da rahoton ƙwararren da ya ƙiyasta asarar jama'a. Wannan hukuncin ya yi daidai a ganina, domin wanda wasiƙar sulhu ta iske a gida, aka ce ya amince ko ya ƙi, yana da haƙƙin ganin hujjar da aka yanke masa rabonsa da ita.