Tambayoyinku: An canza wa ƙanena gidan yari, maganin tarinsa ya yanke

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana tsare yana jiran shari'a. Kafin a kama shi an gano yana da tarin fuka, har ya yi wata biyu yana shan magani. Da aka mayar da shi wani gidan yarin sai maganin ya tsaya, yau mako uku ba abin da ake ba shi sai farasitamol. In na je ziyara sai ya ce "ana duba ni, kada ki damu," alhali ina kallon ƙashin wuyansa. Yana da haƙƙin magani kuwa, ko sai an ga dama? Daga wata yaya mai damuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya fitar da shi.

Na daɗe ina aikin nas a ɗakin shan magani na gidan yari, kuma wannan "ana duba ni" na ji ta ba adadi. Fursuna yana faɗinta ne gandiroba na tsaye a kansa, ko don kada ya ƙara wa 'yan'uwansa damuwa. Wani kuwa ya sauke buri har ƙwaya biyu ta zame masa abin godiya. Shi ya sa ko masu bincike suka zo suna tambayar fursunoni ko sun gamsu da kulawa, ba na sakin jiki da "e" ɗin da suke rubutawa. Ki yarda da abin da idonki ya gani.

Maganin tarin fuka wata 6 ake sha ba fashi. Tari kan lafa da wuri, amma ƙwayar cutar ba ta mutu ba, kuma in aka yanke tana iya dawowa ta daina jin maganin farko. Ga ɗaki cike da mutane, taga ƙarama, kowa na shaƙar numfashin kowa. Ba na manta wani matashi da aka kawo mana da dare, katin maganinsa ya tsaya a inda ya baro. Sai bayan makonni na ga jini a tsumman da yake rufe baki da shi. Laifinmu ne, ba wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi ranar da ya iso.

Haƙƙi kam yana da shi. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 122 na kula da fursunoni, aka sa musu sunan Nelson Mandela, wanda shi kansa tarin fuka ya kama shi a kurkukun Pollsmoor a 1988. Ƙa'ida ta 24 ta ce a ba fursuna kulawa daidai da ta mutanen waje, kyauta, kuma ta ambaci tarin fuka cikin cututtukan da ba a yanke wa magani. Ta 26 ta ce bayanan lafiyarsa su bi shi duk inda aka mayar da shi. Waɗannan ƙa'idoji ba doka ce mai tilasta wa ƙasa ba, amma da su ake auna gidajen yari.

Ki koma asibitin da ya fara ba shi magani ki karɓi kwafin katinsa. Ki rubuta wa shugaban gidan yarin takarda, ki sa kwanan wata da ranar da maganin ya tsaya, ki riƙe kwafi. Maganar baki a bakin ƙofa iska ke kwashewa. Ki nemi a sake gwada kakinsa, likita ya yanke yadda za a ci gaba. Don Allah kada ki sayo ƙwayoyi da kanki ki aika masa. In yana da lauya, ya ɗaga maganar gaban alƙali a zama na gaba. Ƙa'ida ta 56 ta ba dangi damar kai ƙorafi idan fursuna da lauyansa ba su samu hali ba.

Kada ki jira ranar ziyara, ki kai takardar cikin makon nan.