Waya ba ta caji sai an karkata igiya

Malam, ka ce wayarka ba ta karɓar caji sai ka karkata kan igiyar ko ka danne shi da wani abu, kana tambaya ko batir ne ya mutu. Da wuya ya zama batir, galibi datti ne ya cushe ramin cajin. Kashe wayar, ka haska ramin da tocila, ka sa tsinken sakace a hankali ka zaƙulo abin da ke ƙasa. Banda allura ko fil, ƙarfe yana lalata 'yan haƙoran ciki. In Type-C ce, akwai siririn harshe a tsakiya, zagaye shi za ka yi.

Zaren aljihun riga da ƙurar hunturu ne ke shiga, kullum ka soka caja kana ƙara turmusa su, har kan ya kasa kaiwa ƙarshe. Da na share tawa, wani dunƙulen baƙar auduga ne ya fito, nan take kan ya zauna daram. Amma in ka share, ka gwada wata igiyar, kan yana lilo har yanzu, to ramin ne ya saki. Kai wa mai gyara ya canja shi kaɗai, kar ka yarda a haɗa maka da kuɗin batir.