Ga mai son taurari da za a kai shi kallon barguna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce yayarka ta matsa sai ka raka ta baje kolin bargunan faci da matan ƙungiyarsu ta ɗinki za su yi a nan Garwa, kai kuma taurari ne abin sonka, ba ka san allura ba balle zare, kana tsoron ka je ka tsaya kamar baƙo a gidan biki. Ka je. Ni ma haka aka ja ni shekarun baya, don in ɗaukar wa maiɗakina kaya kawai, ban fito ba sai da aka kira la'asar.

Ka fara da sanin abin da za ka gani. Bargon faci hawa uku ne: fuska da aka harhaɗa da ƙyallaye, yawanci ragowar atamfa da shadda daga wurin tela, sai auduga a tsakiya, sai shafi a baya, sannan a bi su da ɗinki a haɗe su wuri ɗaya. Kada ka ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. In ka taɓa tsayawa ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan sallah ka ga dokin da aka yi wa lifidi, to ka riga ka ga wannan sana'a. Tufa ce aka cusa wa auduga aka ɗinke don ta tare kibiya, aka ƙawata ta da ƙyallaye masu launi.

Yadda kake kallon sama, haka za ka kalli bargo. Ka tsaya nesa tukuna, taku biyar ko shida, har siffar ta fito maka, kamar yadda ido ke buƙatar ya saba da duhu kafin ƙananan taurari su bayyana. Sannan ka matso. Akwai zanen tauraro mai tsini takwas da ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu siffar lu'ulu'u. Kai da ka san lissafi za ka ji daɗinsa: da'ira digiri 360 ce, an raba ta takwas, kowane tsini ya ci 45. In mai yanka ta kauce ko da kaurin zare ne a kowane ƙyalle, kuskuren yana taruwa, sai cibiyar tauraron ta kumbura ta ƙi kwanciya. Saboda haka cibiya nake fara dubawa. In na ga tsini takwas sun haɗu a ɗigo ɗaya, bargon ya kwanta lumui, na san hannun da ya yi shi ya daɗe yana aiki.

Ga kuskuren da na yi, kada ka maimaita shi. Wata dattijuwa ta ɗinka gungun taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta da farin zare a kan baƙar tufa, na ƙirga na samu shida. Na ce mata, Inna, ai bakwai ne a littafi. Ta dube ni ta ce ita abin da idonta ya gani daga tsakar gidanta ta ɗinka, in je in ƙirga da daddare. Na ƙirga, shida na samu. Yawancin mutane shida suke gani da ido, duk da cewa na'urar hangen nesa tana nuna ɗaruruwa a wannan gungu. Abin ya dame ni kwana da kwanaki, domin na shiga da niyyar gyara wa wadda ta fi ni kallon sama. Da tambaya na fara, da ta gaya mini tun farko abin da na ji daga baya, cewa da fitowar Kaza mahaifinta yake lissafin lokacin aikin gona.

Kuma kada ka taɓa bargo sai da izini. Gumin hannu yana ɓata farar tufa, wani bargon kuwa wata shida aka yi ana ɗinkinsa. In kana son ganin baya, inda ingancin ɗinki yake bayyana, ka roƙi mai shi ta ɗaga maka. Hoto ma sai ka tambaya.

Tun da taurari ne suka kawo ka, ka riƙe sunayen mata biyu na Amurka, za su ba ka abin hira. Ellen Harding Baker ta jihar Iowa ta fara wani bargo a 1876, ta yi shekara bakwai a kansa: rana a tsakiya, duniyoyi a kan hanyoyinsu, Zuhal da zobensa, har da tauraro mai wutsiya. Da shi take koyar da ilimin taurari, yanzu yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Ta biyun ta fi taɓa mini zuciya. Harriet Powers an haife ta cikin bauta a jihar Georgia a 1837, kuma a bargonta da ke birnin Boston ta ɗinka daren 13 ga Nuwamba 1833, lokacin da taurari suka yi ta zubowa har mutane suka zaci tashin duniya ne. Ba ta ga daren ba, an haife ta bayansa da shekara huɗu. Labarin manya ta ji ta adana shi da allura. Mun san yanzu ƙurar da tauraro mai wutsiya Tempel-Tuttle ya bari ce duniya take ratsawa kowace tsakiyar Nuwamba.

Ka tafi da ɗan littafi da fensir, ka zana abin da ya burge ka. Ka je da hantsi kafin ɗakin ya cika, domin ɗinkin fari a kan fari ba ya fitowa sai haske ya bugo shi ta gefe. In yayarka ta yarda, ka zana mata Zara kusa da jinjirin wata yadda kake ganinsu da magariba a kan Binuwai, ka bar mata zaɓen tufa da launi. Ni na yi wa maiɗakina haka, ta zaɓi shuɗi mai duhu na rini, bargon yana kan gadon ɗanmu har yau.