Me ya sa tsuntsayen fadama ke tashi tun kafin in gan su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwanan nan na fara sha'awar kallon tsuntsaye, kuma an ce mini daga Maris zuwa Mayu ne lokacin da ya fi kyau a fadamu da filayen ciyawa na karkara. Na sayi madubin hangen nesa mai lamba 10x50, amma in na fita, ko dai su watse tun ina nesa, ko in hango baƙin abu kawai ba launi. Ina kuskurena yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Wanda ya ba ka wannan lokacin bai ɓatar da kai ba. A watannin nan ne sanyin hunturu ke janyewa a arewacin duniya, tsuntsayen da suka yi ƙaura zuwa kudu suke komawa Turai da Asiya don yin sheƙa. Da yawansu sai sun tsallake hamadar Sahara, tafiyar da ta haura kilomita 1,500, shi ya sa suke yada zango a fadamu su yi ƙiba. Akwai ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da nauyinsu bai wuce giram 12 ba, amma kafin su tashi sai sun kusa ninka shi da kitse. Mazansu kuma a lokacin ne suke sake gashi mai launi, kukansu ya ƙaru.

Baƙin abin da kake gani laifin rana ne, madubinka lafiyarsa lau. Duk tsuntsun da ya shiga tsakaninka da rana inuwarsa kawai za ka gani. Da safe ka tsaya ta gabashin ruwan kana duban yamma, da la'asar kuma ka koma ta yamma kana duban gabas, yadda kullum rana za ta kasance a bayanka. Wannan ya kamata ka tsara tun a gida, domin in ka iso ta ɓangaren da bai dace ba, zagayen da za ka yi shi zai kori abin da ka zo gani. Ka isa wurin kamar minti 30 kafin fitowar rana. Kuka yana farawa tun da duhu-duhu, kiwo kuma ya fi ƙarfi a awa biyu zuwa uku na farko. Da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta yi zafi, sai kawalwalniya ta sa komai ya riƙa rawa a madubi.

Lambar 10 tana nufin ana kusanto maka da abu sau 10, 50 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Yana tara haske sosai, sai dai yana da nauyi, filin da yake nunawa ƙunci ne, kuma rawar hannunka ma sau 10 yake ƙara ta. Shi ya sa aka fi ba mai koyo shawarar 8x42. Ba sai ka canza naka ba: ka manna gwiwar hannunka a ƙirji, ko ka zauna ka ɗora su a kan gwiwoyinka. Ka kuma daidaita shi da idonka sau ɗaya: rufe gilashin dama, murɗa abin juyawa na tsakiya har wani abu mai nisa ya fito sarai a idon hagu, sannan rufe na hagu ka juya zoben da ke jikin ɓangaren dama kaɗai. Mutane da yawa ba su san da zoben nan ba, suna ta fama da ciwon kai. In ka hango tsuntsu, kada ka sunkuya neman madubi. Ka kafe idonka a kansa, ka ɗago madubin ya same ka.

Batun watsewarsu shi ne babba. A fili babu abin fakewa, kuma mutum a tsaye a kan tudu ko bakin madatsa, sama na bayansa, ana hango shi tun daga nesa ƙwarai. Ka bi ta ƙasan tudun, ka sa daji ko dogayen ciyayi a bayanka, tufafinka su zama masu launin ƙasa ko kore mai duhu, ban da fari. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye, ka bi ta gefe, a hankali, ba nuni da hannu. Shi da kansa zai gaya maka iyakarsa: da zarar ya daina kiwo ya miƙe wuya, to ka tsaya cak. In ya koma kiwo, ka ƙara taku kaɗan. Abin da ya fi duk wannan shi ne ka sami wuri ka zauna. Bayan minti 15 zuwa 20 sai su saki jiki, wasu ma su matso inda da ƙafa ba za ka taɓa cim musu ba. Tsuntsun da aka tayar a kan hanyar ƙaura ya yi asarar kitsen da zai tsallake hamada da shi, don haka wannan haƙurin hakkinsu ne a kanka.

Ka koyi karanta ruwan. Laka da ruwan da bai kai tsawon yatsa ba na masu dogon baki ne da ke tsattsage taɓo. Inda ya ɗan fi zurfi nan zalɓe ke tsayawa jiran kifi, buɗaɗɗen ruwa na agwagi da dinya ne, balbela kuma tana bin dabbobi a ciyawa. Cikin dogayen ciyayin bakin ruwa kunne ya fi ido aiki. A filin ciyawa ma haka: ka duba kan turaku, waya da dogayen karare, nan maza ke hawa su yi kuka, wasu kuma a sama suke yinsa suna shawagi na mintoci. Wajen gane iri, kada ka fara da launi. Girma tukuna, ka gwada shi da wanda ka sani a kusa da shi, sai tsawon baki da lanƙwasarsa, tsawon ƙafa da launinta, sai yadda yake kiwo. Ka rubuta nan take kafin ka buɗe littafi, domin hoton littafi yakan sa mutum ya tuna abin da bai gani ba.

A wannan lokacin ƙasar da kake takawa tana iya zama sheƙa. Dangin zakaran ƙeƙuwa a ɗan rami suke zuba ƙwai uku ko huɗu masu launin ƙasa, su yi kwanci mako uku zuwa huɗu. In ka ga tsuntsu yana zagaya kanka da ƙara, ko yana jan fiffike kamar ya karye, janye ka yake daga ƙwai ko 'ya'ya. Ka koma ta inda ka fito, kana duban inda kake sa ƙafa. Muddin uwar tana sama, ƙwan na sanyi ko yana gasuwa a rana, hankaka kuma yana kallo. Kada ka zo da kare, kuma kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito: namijin zai ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, ya bar aikin gabansa.

Ka nemi izinin mai gona kafin ka shiga. Ka sa dogon takalmi, ka cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, ka duba jikinka in ka dawo. A ƙasashe masu zafi kada ka shiga kwantaccen ruwa ba takalmin roba, saboda tsargiya, kuma mataccen tsuntsu ba a taɓa shi da hannu saboda murar tsuntsaye.

Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane kuka, amma takan yi kuskure, kada ka rubuta tsuntsun da idonka ko kunnenka bai tabbatar ba. Abin da ka tabbatar, ka sa shi a eBird, rumbun bayanai na intanet da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ta buɗe a 2002, tare da kwanan wata, wuri, lokacin farawa da adadin kowane iri. Ka riƙe fadama ɗaya kana zuwa sau ɗaya a mako har ƙarshen Mayu, ta haka za ka san makon da kowane iri ya iso da makon da ya wuce.